Site ko haya cikin gari? Amsa ga sababbin etidiya masu zuwa Damagaram

Duk shekara da zarar sakamakon bak, jarrabawar ƙarshen sakandare, ya fito sai wayata ta cika da tambaya guda, ƙanne daga Magarya, Gure, Tanut, Matamaye kowa na cewa yaya in na zo jami'ar André Salifou ina zan kwana? To bari in amsa gaba ɗaya in huta. Hanya uku ce, site ɗin jami'a wato gidan kwanan ɗalibai, hayar ɗaki cikin gari, ko zama gidan ɗan uwa.

Ta ukun nan a bar ta kawai. Ranar da kake da jarrabawa ranar hajiyar gidan za ta tuna tana da aike kasuwar Dole.

Ni dai site nake ba kowa shawara, ban ɓoye ba. CROU, ofishin da ke kula da kwana da abincin ɗalibai, ke riƙe da ita haɗe da resto wato wurin cin abinci, kuɗin ɗakin bai kai ko kusa da na gari ba, ka sayi tikenka ka ci abinci, babu mai buga maka ƙofa ƙarshen wata da takardar kuran ko ta ruwa, kuma abin da mutane ba su lissafawa shi ne kana kwana cikin waɗanda suka riga ka, tsofaffin tambayoyin jarrabawa suna hannunsu, in an ɗaga darasi ko burs wato kuɗin tallafin karatu ta faɗo kai ne farkon ji. Eh akwai cunkoso, ɗakin mutum kaɗan sai ka tarar da masu raɓawa sun shimfiɗa tabarma, ga layin bayi da asuba, caja kuwa in ka bar ta a bango sai dai ka yi mata addu'a. Ka sayi kwaɗo mai kyau na akwatinka shi ke nan. Damuwar ita ce gurbi, a 2010 aka kafa jami'ar, ɗalibai sai ƙaruwa suke ɗakuna ba su isar kowa, don haka ka aje takardunka da wuri kar ka tsaya sai an shiga aji.

In ba ka samu ba sai haya, antire-kushe wato ɗaki guda, ku biyu ko uku ku raba kuɗi. Kafin fenti, kafin faɗin ɗaki, tambayi ruwa. Duk ɗan Damagaram ya san zancen ruwa a garin nan, Afrilu da Mayu akwai unguwannin da pampo sai tsakar dare yake zuwa in ma ya zo, 'yan ga-ruwa su tsawwala kuɗin bido. Kar ka tambayi mai gida, tambayi matan maƙwabta. Sannan ka lissafa kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa, ɗaki mai araha a nesa ba araha ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan, dillalan ƙarya. Shekarata ta farko wani ya tare ni a tasha, dattijo da carbi, "ɗana kai sabon zuwa ne ko?" ya kai ni wani gida ya buɗe ɗaki da makulli a hannunsa, ya ce in ba da na wata uku, jaka 30, kafin wani ya riga ni. Na ƙirga na ba shi, kuɗin da babana ya sayar da akuya ya haɗa mini. Washegari na zo da katifa a kai na tarar da wani bawan Allah a ciki yana dafa shayi, ashe ɗakin nasa ne ya yi tafiya ya bar makulli wajen mutumin. Lambar kuwa har yau a kashe.

Saboda haka makulli ba shaida ba ce. Ka ga mai gidan da idonka, maƙwabta su tabbatar shi ne, a rubuta resi da sa hannu gaban shaidu biyu, in da hali mai unguwa ya sani. Wanda ya turo maka hoton ɗaki ta WhatsApp ya ce aiko kuɗi in riƙe maka, share shi. Har a site ma akwai masu cewa suna da hanya, kawo jaka 5 in sa sunanka, ko su sayar maka da gadon da ba da sunanka aka ba da shi ba, ranar da aka zo bincike kai za a fitar da kayanka waje, shi yana can ya ci kuɗin. Ofishin CROU kawai za ka je da ƙafarka, ka biya a ba ka takarda, ka ɗauke ta hoto ka tura wa wani a gida don takarda a site ɓata take.