Tyrconnell 10 ko Knappogue Castle 16: wanne za a kai wa suruki?

Ɗan'uwa, tunda tsakanin waɗannan biyun kake, kuma kyauta ce za ka kai wa surukinka, ɗauki wuskin Tyrconnell mai shekara 10, wanda aka ƙarasa a gangar sheri, wata irin giyar inabi. Shi ne a kabad ɗina yanzu haka.

Duka biyun wuskin Ayilan ne na tsiron sha'ir zalla, wato sha'ir ɗin da aka jiƙa ya tsira, kamar yadda masu burukutu ke yi wa dawa. Duka biyun kuma sun fara kwanciya a gangunan katakon da aka taɓa zuba wuskin Amurka, sannan aka juye su a gangunan oloroso, wani nau'in sheri, giyar inabin yankin Jerez da ke kudancin Sifaniya. Wannan ganga ta biyun ita ke ba shi launin ja-ja da ƙamshin zabibi.

Inda suka rabu a wurin dahuwa ne. Yawancin wuskin Ayilan sau uku ake dafa shi a tukunyar tagulla, shi ya sa yake fita da laushi. Tyrconnell kuwa sau biyu ne, a masana'antar Cooley da ke gundumar Louth, wadda John Teeling ya kafa a 1987. Don haka yana da jiki, ga ƙarfinsa kashi 46 cikin ɗari, sherin bai danne shi ba. Ranar Kirsimeti na buɗe tawa kwalbar bayan an ci an ƙoshi. Kawuna, wanda ba ya yabon abu da sauƙi, ya kai kofin hanci ya daɗe bai kurɓa ba, can ya ce ƙamshin dabino da kanumfari yake ji. Na ɗiga masa ruwa kaɗan, ɗanɗanon ya ƙara buɗewa. Da zai tafi sai da ya sa aka rubuta masa sunan a takarda. Af, sunan ma na doki ne, wanda ya ci tsere a 1876 alhali ba wanda ya sa masa rai. Tsofaffi na son irin wannan labarin, ka ga ka samu abin hira.

Knappogue 16 ba laifi. Shekara 14 a gangar Amurka, sauran a ta sheri, dahuwa uku, yana wucewa sumul. Amma a bakina ya yi sanyi da yawa, ga kuɗinsa ya fi. Shekarun kake biya.

Ba ka tambaya ba, amma ka kula da inda za ka saya. Idan za ka bi ta filin jirgin Dublin, babban birnin Ayilan, ko wani babban kanti a can, shi ke nan. Idan a gida ne, akwai masu tara kwalaben da aka shanye su cika da abin da suka haɗa, su mayar da murfi. NAFDAC ta sha kama irinsu, kuma jabun barasa na iya makantar da mutum. Duba hatimin murfin da kyau, ka ga ko takardar jikin kwalbar ta karkace ko rubutun ya dushe. Duk wanda ya ce zai ba ka a rabin kuɗi, kama gabanka. Kuma ka karanta takardar sosai, don Tyrconnell 10 kala uku ne: ban da na sheri, akwai na gangar Port, akwai na Madeira, su ma giyar inabi ne. Mai rubutun Sherry Cask za ka ce a ba ka.