Wasiƙa daga Ingila: yadda ake zaɓen taga a ƙasar sanyi

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali. Ka tambaye ni abin da ya sa batun canza tagogin gidan nan ya ɗauke mini hankali har na yi shiru kwana biyu. To ga bayanin, kuma na san kai ma zai amfane ka tunda kana da gini a gabanka.

A nan, daga Oktoba har Afrilu hita ba ta hutawa, kuma duk ɗumin da ka saya da kuɗinka hanyar fita yake nema. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na wutar da gida ke ci wajen ɗumamawa da sanyayawa, taga ce sanadinsa. Da farashin gas ya yi tashin gwauron zabi a 2022, har sai da gwamnatin Birtaniya ta sa baki don matsakaicin gida ya tsaya a kusan fam 2,500 a shekara, kowa ya koma yana duban tagarsa da idon basira. Tamu tsohuwa ce. Da safe sai ka tarar raɓa ta kwanta a jikin gilashin daga ciki, tana gangarowa tana taruwa a gindin taga, fenti ya kumbura, baƙar funfuna ta kama kusurwa. In ka kara bayan hannunka a bakin firam ɗin sai ka ji iska na hurowa siririya.

Abin da ya fi burge ni a kasuwar nan shi ne kowace taga da lambarta, ba sai ka dogara da daɗin bakin mai sayarwa ba. Ana ce mata lambar U. Tana nuna yawan ɗumin da ke ratsa murabba'in mita ɗaya na taga idan ciki ya fi waje zafi da digiri ɗaya, saboda haka ƙaramar lamba ita ce mai kyau. Gilashi falle ɗaya yana kaiwa wajen 5. Tsohon mai falle biyu yana kusa da 3. Tun Yunin 2022 dokar gini a Ingila ta ce tagar da za a musanya kada ta wuce 1.4. Mai falle uku kan sauko har 0.8, wato ma'aunin da Jamusawa suka sa wa gidajensu na Passivhaus, waɗanda da ƙyar suke bukatar hita. Bayan wannan akwai tambari mai launuka na hukumar BFRC da ke tantance tagogi, daga A++ zuwa E, irin wanda ake liƙawa a jikin firij.

Sai dai a nan ma akwai wayo. Lambar iri biyu ce: akwai ta tsakiyar gilashi kaɗai, akwai ta taga gaba ɗaya har da firam. Ta tsakiyar gilashin kullum ta fi kyau, ita ce kuma dillali ke saurin ambata maka. Da na ce wa ɗaya daga cikinsu ya rubuta mini ta taga gaba ɗaya a takardar farashi, sai ya fara kame-kame yana duba wayarsa. Doka da ta taga gaba ɗaya take aiki, ita ce kuma za ka ji a jikinka cikin Janairu.

Yadda ake haɗa gilashin kansa abin sha'awa ne. Falle biyu ne, kowanne kaurin milimita 4, a bar tazarar milimita 16 zuwa 20 a tsakaninsu, a cika wurin da iskar argon wadda ba ta kai iskar da muke shaƙa ɗaukar zafi ba, sannan a like gefuna. A fuska ɗaya ta ciki ana shafa wani ƙarfe siriri da ido ba ya gani, shi ke mayar da ɗumi cikin ɗaki, kamar dai azurfar nan da ke cikin filas ɗin ruwan zafi. Hatta sandar da ke raba fallayen biyu tana da muhimmanci. A da ta alminiyum ake sawa, sai gefen gilashin ya yi sanyi raɓa ta taru a wurin. Yanzu akwai wadda ba ta ɗaukar sanyi, kuma ya kamata mai saye ya tambaya da bakinsa, don ba kowa ke faɗa ba.

Firam iri uku na gani. Robar uPVC ita ta cika gari saboda ta fi araha, ba ta son fenti, cikinta kuma ramuka ne da ke riƙe iska. Alminiyum ya fi siranta da kyan gani, yana ɗaukar babban gilashi, amma ƙarfe ne, in ba a raba cikinsa da wajensa da roba a tsakiya ba, ka yi asarar gilashi mai tsada. Katako yana riƙe ɗumi sosai, shi ya fi dacewa da tsofaffin gidaje, sai dai yana da tsada kuma sai ana bin sa da fenti. A unguwannin da aka keɓe don tarihi ma sau da yawa ba ka da ikon sa abin da ka ga dama sai da izinin kansil, wato ƙaramar hukuma, shi ya sa da yawa suke barin tsohuwar tagar su ƙara wani gilashi daga ciki. Ni dai a ganina tagar Jamus ta fi ta Ingila dabara: hannu ɗaya ne, ka juya shi sama ta karkato kaɗan daga bisa iska ta shigo, ka juya shi gefe ta buɗe ciki kamar ƙofa ka wanke bayanta kana tsaye a ɗaki. In kuwa wani ya turo maka lamba daga Amurka kada ta ruɗe ka, awonsu daban ne, 0.25 nasu shi ne kusan 1.4 na nan.

Wajen ciniki ne na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Wani wakilin kamfani ya zo har gida, ya shimfiɗa samfura a kan tebur, ya faɗi kuɗin da ya sa na gyara zama. Can sai ya ce bari ya kira manajansa, ya dawo da ragin kusan rabi, da sharaɗin in sa hannu a daren. Duk wanda zai iya rage rabi cikin kiran waya ɗaya, ai farashinsa na farko ba na gaskiya ba ne. Ga shi kuma kwanaki 14 da doka ta ba mai saye ya fasa ciniki yawanci ba sa aiki a kan kayan da aka yanka daidai awon gidanka. Ƙananan kamfanonin unguwa sun fi sauƙin hulɗa: su auna, su tafi, su turo maka farashi a rubuce, ka yi nazari a tsanake.

Amma in an zo ga tsare haƙƙin mai gida, gaskiya sun yi ƙoƙari. Tun 2002 akwai tsarin FENSA na rajistar masu sa taga, da makamancinsa Certass. Mai sa taga da ke da rajista da su shi zai sanar da kansil, a aiko maka da takardar shaida cewa aikin ya bi doka. Ranar da za ka sayar da gidan lauyan mai saye zai nemi takardar nan. Garanti yawanci na shekara 10 ne, kuma ana ɗaura masa inshora, ko da kamfanin ya rushe ba ka tashi a tutar babu ba. Ina ba wannan muhimmanci ne domin taga mai lamba 0.8 da aka sa a karkace, aka bar rami tsakaninta da bango aka rufe da farantin roba, ba ta fi ta banza ba. Ranar aiki ka tsaya ka ga sun cika ramin da kumfa sun like kafin su rufe.

Akwai ƙananan abubuwa da doka ta tilasta. Gilashin da ya yi ƙasa da milimita 800 daga daɓe dole ya zama mai tauri wanda ba ya yanka in ya fashe, saboda yara. Yawancin sababbin tagogi kuma sai an bar musu 'yar kafar iska a sama. Mutane na ƙorafi a kanta, amma gidan da aka toshe ruf, tururin girki da na wanka ba su da mafita, funfuna ce za ta biyo baya.

Kada ka ɗauka kuɗin taga na dawowa da wuri, yana ɗaukar shekaru masu yawa. Wanda aljihunsa bai da nauyi gara ya fara da shimfiɗa auduga mai riƙe ɗumi a saman silin, kaurin milimita 270, don ta fi araha nesa ba kusa ba. In kuma hazo ne ya shiga tsakanin fallaye biyu alhali firam lafiya lau, gilashin kaɗai ake canzawa. Mu mun tsaya a kan uPVC mai falle biyu, sai ɗakin yara da ke fuskantar arewa da titi muka sa masa mai uku.

Kai da rana ce matsalarka, lambar da za ka fi kula da ita ita ce g, wadda ke nuna kason zafin rana da ke ratsa gilashi ya shigo ɗaki. A nan ana son ta da ɗan yawa don ranar hunturu ta taimaka wa hita, kai kuwa ƙarama kake so, musamman a tagogin gabas da yamma. Ka kuma roƙi maginin ya fito da rumfa ko baranda a samansu, domin zafin da aka tare tun daga waje bai ma kai ga gilashin ba. Ka turo mini zanen ginin in duba fuskar da kowace taga ke kallo. A gaida mutanen gida baki ɗaya.