Deutschlandticket da yawon ƙarshen mako a dajin Schwarzwald

Yuro 63 a wata shi ne kuɗin Deutschlandticket, tikitin sufurin jama'a na ƙasar Jamus, tun daga Janairun 2026, kuma duk da ƙarin da aka yi masa har sau biyu, ban fita daga tsarin ba. Da yuro 49 ya fara a watan Mayun 2023, ya koma 58 a farkon 2025. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu mazauna Jamus suna riƙe da shi ne don zuwa aiki ko makaranta kawai, daga gida sai tasha, daga tasha sai gida. A ganina rabin amfaninsa ke nan suke ci. Sauran rabin yana ranakun Asabar da Lahadi, kuma a kansa nake son yin magana, tun da a Karlsruhe nake zaune, dajin Schwarzwald kuwa ga shi nan a bakin ƙofarmu.

Ga wanda bai san shi ba, tikiti ne guda ɗaya da ke ba ka damar hawa jiragen ƙasa na yanki, masu alamar RE da RB da S, da tiram, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da motocin bas na gari da na ƙauye, a faɗin ƙasar baki ɗaya, a aji na biyu. Manyan jirage masu gudu, ICE da IC da EC, ba sa ciki. Sunanka ne a kai, ba a ba da aronsa, kuma mai duba tikiti yana iya neman katin shaidarka. A manhajar waya yake zuwa ko a kati. Yaron da bai kai shekara 6 ba kyauta yake tafiya, don haka 'yarmu ba mu taɓa biya mata ko sisi ba.

Abin da ya fi yi mini daɗi a wannan tikiti shi ne ya kawar da lissafi. A da, kafin mu fita sai na zauna na duba iyakar kowane yanki na sufuri, nawa ne daga nan zuwa can, ko tikitin rana ya fi sauƙi, kuma kafin in gama sha'awar tafiyar ta mutu. Wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda ƙarshen mako yake yin nauyi: aiki ya tsaya, shaguna a rufe ranar Lahadi, dangi sun yi nisa, sai ɗaki da waya. Yanzu idan gari ya waye da haske, maiɗakina ta ce a fita, cikin awa ɗaya muna tasha, ba tare da an taɓa aljihu ba.

Hanyar da na fi so, wadda kuma nake ganin ita kaɗai ta isa hujjar sayen tikitin na wata guda, ita ce ta jirgin RE2 daga Karlsruhe zuwa Konstanz. Har Offenburg fili ne, gonaki da masana'antu, babu abin kallo sosai. Daga nan jirgin yake karkata cikin kwarin kogin Kinzig, duwatsu su fara matsowa. Bayan Hornberg sai hawa ya fara na gaske. Injiniya Robert Gerwig ne ya tsara layin, aka kammala shi a 1873, kuma ramuka 39 aka fasa a cikin dutse domin jirgi ya wuce, yawancinsu a wannan ɗan tsakanin. An zaɓi wannan hanya mai wuya ne don kada layin ya fita daga ƙasar Baden ya shiga ta Württemberg, a lokacin da kowacce ke da nata mai sarauta. Tun da tudun ya fi ƙarfin jirgi ya hau shi kai tsaye, sai Gerwig ya sa layin ya riƙa naɗewa yana komawa baya a kusa da Triberg. Kana zaune za ka ga kwari a damanka, ku shige duhu, ku fito sai ga shi a hagunka, can ƙasa kuma ka hango layin da kuka bi ɗazu. Jirgin mai hawa biyu ne. A nemi kujerar sama kusa da taga, kuma a ajiye waya a aljihu daga Hornberg har zuwa St. Georgen.

Triberg kanta gari ne na masu yawon buɗe ido, babban titinta cike da shagunan agogon katako mai tsuntsu. Tashar tana can ƙasa, garin yana sama, to mai yaro ko mai ciwon gwiwa ya jira bas, tikitinsa ya biya masa. Abin zuwa gani shi ne ruwan kogin Gutach da ke zubowa daga dutse, mita 163 a matakai bakwai. Ana biyan kuɗin shiga daban. Ya fi kyau bayan ruwan sama ko lokacin da dusar ƙanƙara ke narkewa, sa'ad da feshinsa ke jiƙa mutum tun daga kan gada. Kuregun wajen sun saba da mutane har suna karɓar gyaɗa a hannu, kuma 'yata ta fi tuna su a kan ruwan.

Amma idan aka ce in zaɓi gari ɗaya a kan wannan layi, Gengenbach zan ɗauka, 'yan mintuna bayan Offenburg. Ƙaramin gari ne mai ganuwa da hasumiyoyi, gidajensa na katako da farar ƙasa, lunguna matsattsu an jera tukwanen furanni a kowace ƙofa. Ginin majalisar garin yana da tagogi 24 a fuskarsa, kuma a watan Disamba kowace yamma ake buɗe ɗaya da hoto mai haske a ciki. A nan na fara jin labarin masu tura gungume: a da ana sare manyan itatuwan dajin, a ɗaure su, a bi da su ta Kinzig zuwa kogin Rhein, wasu har ƙasar Holan, inda ake gini da ƙera jiragen ruwa da su. Gengenbach da Schiltach duk suna da gidan tarihi a kan wannan sana'a. Mai son ganin yadda manoman dutse suka rayu, su da shanunsu a ƙarƙashin rufi ɗaya, ya tsaya a Gutach ya shiga Vogtsbauernhof, gidan da aka gina a 1612, sai dai a lokacin sanyi a rufe yake.

Inda tikitin ya fi yi mini rana shi ne watan Nuwamba da Disamba. A wannan lokaci hazo yakan kwanta a kwarin Rhein kwana da kwanaki, ba a ganin rana, mutum ya ji jikinsa ya mutu, zuciya ta ƙuntata ba dalili. Abin da ba kowane baƙo ya sani ba shi ne sau da yawa hazon a ƙasa kawai yake. Ka hau bas daga Baden-Baden zuwa tafkin Mummelsee, ka taka zuwa ƙololuwar Hornisgrinde mai tsayin mita 1,164, sai ka tarar da rana tana haskawa, hazon yana shimfiɗe a ƙarƙashinka fari fat kamar an baza auduga. Wani ƙanena ɗalibi da na ja zuwa can a shekararsa ta farko ya tsaya ya ce, “Yaya, ashe ranar tana nan?” Tun daga lokacin shi yake kirana ya tambayi inda za mu. Gaba kaɗan a kan wannan titi akwai Ruhestein, mashigar gandun dajin ƙasa da aka kafa a 2014, inda ake barin itacen da ya faɗi ya ruɓe a wurinsa.

Kudancin dajin ya fi nisa daga wajenmu. Daga Freiburg jirgi yana hawa zuwa Titisee, tafkin da kowa ya sani, kuma shi ya sa cunkoson bakinsa ya yi yawa. Ni nakan zarce zuwa Schluchsee, wanda ya fi girma ya kuma fi natsuwa, ko in sauka a Feldberg-Bärental in hau bas zuwa Feldberg, dutse mafi tsayi a dajin, mita 1,493. Ranar da sama ta washe ana hango tsaunukan Alps daga can.

To, sai abin da ba na so, domin akwai shi. Na farko lokaci. Daga Karlsruhe zuwa Freiburg jirgi mai gudu kimanin awa ɗaya yake yi, na yanki kuwa ya kusa biyu. Za ka ga farin jirgin mai gudu ya tsaya a gabanka, zuciya ta ce ka shiga. Kada ka shiga, domin da wannan tikiti a hannu ana ɗaukarka a matsayin marar tikiti, tarar kuma daga yuro 60 take farawa. Ga cunkoso: safiyar Asabar mai rana, jirgin yanki yakan cika da masu kekuna da jakunkunan baya, ba a kuma kama kujera tun daga gida. Mai keken jariri ya fito da wuri.

Babbar matsalar ita ce dawowa, kuma wannan ba ta da alaƙa da kuɗi. Tikitin ya ba ka izinin hawa kowace bas, amma bai ƙaro bas ko ɗaya a ƙauye ba. A kan duwatsu, ranar Lahadi, wani wurin sai bayan awa ɗaya ko biyu mota ke zuwa, ta ƙarshe kuma tana iya wucewa tun kafin magariba. A wasu ƙauyuka ma sai ka kira waya tun da wuri kafin a turo ƙaramar mota. A Disamba wajen ƙarfe huɗu da rabi rana take faɗuwa, sanyin dutse kuwa ba ya jira. Saboda haka daga baya nake tsara tafiya: in fara duba motar ƙarshe, in ƙudurta hawa wadda ke gabanta, sannan in ga awa nawa suka rage na yawo. Idan akwai canjin jirgi mai tazarar minti huɗu ko biyar, ina ɗaukar cewa zai iya kuɓuce mini. Kuma a sauke hoton jadawalin a waya, domin sabis yana ɗaukewa a cikin kwari. Motar igiya ta Schauinsland da jiragen ruwan shaƙatawa na tafkuna suna da nasu kuɗin daban.

A cikin dajin kuwa ɓata yana da wuya. Ƙungiyar Schwarzwaldverein, wadda ta faro tun 1864, ta liƙa alamomi a jikin itatuwa: rawaya don hanyoyin kusa, shuɗi don masu haɗa yankuna, ja a kan fari don Westweg, doguwar hanyar ƙafa daga Pforzheim zuwa Basel. A sa takalmi mai riƙe ƙasa da dogon wando, kuma da an dawo gida a duba jiki, musamman na yara, saboda kaska tana da yawa daga bazara zuwa kaka, kuma yankin yana cikin wuraren da cizonta ke kawo cutar kumburin ƙwaƙwalwa. Akwai allurar rigakafi, a tambayi likita.

Maganar abinci tana bukatar kula ga Musulmi. Shahararren naman yankin, Schwarzwälder Schinken, na alade ne, shahararren kek ɗinsa mai ceri kuma da giyar Kirschwasser ake jiƙa shi. Ko soyayyen dankali da miya sukan zo da gutsattsarin naman alade ba tare da an rubuta ba, don haka a tambaya kafin a ce a kawo. Abin da nake ci hankali kwance shi ne kifin Forelle na rafukan wajen, ko Käsespätzle, wata irin taliya da cuku, bayan na tabbatar cuku da albasa ne kawai a ciki. Yawanci dai da guzurinmu muke fita, da shayi a fulas. A riƙe tsabar kuɗi, ƙananan wuraren cin abinci na kan dutse da yawa ba sa karɓar kati.

Idan za a kwana, a tambayi mai masauki katin KONUS. Garuruwa fiye da ɗari na yankin suna ba wanda ya kwana a cikinsu wannan kati, ya hau bas da jirgin yanki kyauta a faɗin dajin. Mai Deutschlandticket ba ya bukatarsa, amma yana da amfani idan ka zo da baƙo.

Sai tsarin biya, wanda ya fi kama sababbin zuwa. Ba tikitin saya sau ɗaya ba ne, rajista ce da ake cire kuɗinta daga asusunka kowane wata har sai ka dakatar, kuma dole ka sanar kafin ranar 10 ga wata ta wuce, in ba haka ba watan gaba ma ka biya. Lissafinsa daga farkon wata yake zuwa ƙarshensa. Wasu masu sayarwa suna duba tarihin bashin mutum kafin su amince, wasu ba sa dubawa, to wanda aka ƙi a wuri ɗaya ya gwada wani. Ɗalibi ya tambayi jami'arsa, domin da yawa sun haɗa shi cikin kuɗin zango a kan kashi 60 cikin ɗari na farashin. Ma'aikaci kuma ya tambayi wurin aikinsa: idan suka ɗauki aƙalla kashi 25, ana ƙara rangwamen kashi 5 a kai. Wanda ke zuwa aiki da ƙafa ko keke, kuma ba zai fita gari fiye da sau ɗaya a wata ba, tikitin rana na jihar Baden-Württemberg zai fi masa sauƙi, musamman idan su uku ne ko huɗu.