Kafin Ka Sayi Tsohon Zanen Japan, Ka Duba Bayan Takardar

Duk wanda ya fara sha'awar zanen Japan na bugun katako, wato ukiyo-e, hankalinsa kan tafi ga babbar igiyar ruwan nan ta mai zane Hokusai, wadda aka buga wajen 1831. Ka cire rai da ita. A watan Maris na 2023 an sayar da guda ɗaya a gidan gwanjo na Christie's da ke New York kan sama da dala miliyan 2.7, don haka wadda ka gani a intanet da araha sabon bugu ce. Idan kamanninta kake so, cibiyar Adachi da ke Tokyo tana sassaƙa katako ta buga da hannu, kuma ba ta ɓoye cewa sabo ne.

Ni dai zaɓina Kunisada ne, wanda ya rayu daga 1786 zuwa 1865. Ya zana 'yan wasan kabuki, wato wasan kwaikwayon gargajiya na Japan, ba adadi, an buga su da yawa a zamaninsa, shi ya sa har yau kuɗinsu bai fi ƙarfin mai farawa ba. Ga wata fa'ida kuma: ba kasafai 'yan damfara ke ɓata lokaci wajen kwaikwayon abu mai araha ba. Launin tufafin da ke jikin zanensa kaɗai ya isa abin kallo, kuma bugunsa na ɗauke da shaidar shekarunsa. Tun 1790 hukuma ta wajabta ɗan hatimin tacewa a kan bugu, a shekarun 1850 kuma aka ƙara alamar shekara da wata. Shi kansa Kunisada daga 1844 ya koma sa hannu da sunan Toyokuni. Idan hatimi da sa hannu suka saɓa, to akwai lauje cikin naɗi.

Zanen tawada na hannu kuwa, bar wa ƙwararru. A 1934 an bankaɗo badaƙalar Shunpoan a Tokyo, inda zanen jabu ya ruɗi har masani mai suna a fannin.

Yanzu ga inda ake cutar mutane. Kada ka biya sisin kwabo sai an turo maka hoton bayan takardar. Da hannu ake murza bugun gaskiya, da wani faifai da ake kira baren, saboda haka launi yakan ratsa ya leƙo ta baya, har ka ga sawun murzar. Bayan bugun inji fari fat yake, kuma idan ka sa madubin ƙara girma za ka ga ɗige-ɗige a jere. Akwai masu jiƙa sabuwar takarda da ruwan shayi don ta yi kamar ta tsufa. Irin wannan dafewar takan zama bai ɗaya ko'ina, alhali tsufan gaskiya ya fi cin gefe.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne liƙi. Wani dillali ya taɓa aiko mini bugu na asali, amma an manna shi a jikin kwali an datse gefensa, har da rabin hatimin mawallafi. Darajarsa ta zube ke nan. Shi ya sa nake auna girma kafin komai: takardar oban, wadda aka fi yin irin wannan bugu a kanta, kusan santimita 39 ce da 26. Idan ta gaza sosai, almakashi ya bi ta kanta. Wanda kuma ya ce ba zai cire zane daga firam ya nuna maka ba, ko ya ƙi yarda a mayar da kaya, ka riƙe kuɗinka ka nemi wani dillalin.