Wasiƙa daga Gilasgo kan hukuncin tuƙi cikin maye

Yaya, bayan gaisuwa da fatan kowa yana lafiya. Ka tambaye ni ko da gaske ne a nan Birtaniya ana ɗaure direba don ya sha giya ya hau titi, ko da bai kaɗe kowa ba. Da gaske ne. Wanda aka kama ya wuce ƙa'ida yana iya shan ɗaurin da ya kai wata 6, ga tarar da a Ingila da Wales ba ta da iyaka, kuma dole a hana shi tuƙi na aƙalla shekara 1. In ya sake cikin shekara 10, hanin ya koma shekara 3. Wanda ya ƙi hura na'urar gwajin numfashi ma hukuncinsa kusan ɗaya ne. In kuwa ya yi sanadin rai, tun 2022 alƙali na iya yanke masa ɗaurin rai da rai, alhali da shekara 14 ce ƙarshenta.

Amma abin da na ga direbobi suna tsoro ba gidan yari ba ne, lasisi ne. Laifin yana zama a bayanan lasisinka har shekara 11. Kamfanin inshora zai tambaye ka, ya ninka maka kuɗi ko ya ce bai yi da kai. Mota kuma a nan ba ta motsawa sai da inshora ta gaske, don kyamarorin 'yan sanda suna karanta lamba su faɗa musu nan take ko kana da ita. Mai aikin tasi ko kai kaya, in aka rubuta masa wannan laifi, to abincinsa ya ƙare. A gida kuwa ka san takardar inshora da yawa ana yankar ta ne don a nuna a shinge, ba wanda ke tunanin za ta biya shi komai, balle ta tuna masa laifin bara.

Haka ma lafiyar mota. Duk motar da ta shekara 3 sai an kai ta gwajin MOT kowace shekara, a duba birki da taya da fitilu, kuma sakamakon yana intanet, mai sayen mota zai iya gani.

Sai dai kada ka ɗauka komai nasu daidai ne. A Ingila da Wales ƙa'idar miligiram 80 ce na barasa a cikin mililita 100 na jini, tun dokar 1967 da ta kawo gwajin numfashi. Sukotilan, inda Gilasgo take, ta rage zuwa 50 a Disambar 2014, aka yi ta murna. Da masana a Jami'ar Gilasgo suka bi alƙaluman haɗurra daga baya, ba su ga sun ragu ba, kuma suka danganta hakan da cewa ba a ƙara tsare direbobi ana gwada su ba. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai. Najeriya ma ai 50 ɗin take da shi a takarda, kuma hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana nan tun 1988, amma direba nawa ka sani da aka taɓa miƙa wa na'ura aka ce ya hura? Duk lokacin da na ji ana kiran a ƙara tara, sai in ce a fara sayen na'urorin tukuna, a kuma haɗa lasisi da rajista ɗaya, yadda wanda aka ƙwace wa nasa ba zai je wata jiha ya yanko sabo ba.

Na san za ka ce giya ba ita ce babbar matsalar direbobinmu ba, ƙwaya ce. To nan ma sun taɓo wajen. Tun Maris 2015 Ingila da Wales suka sa ma'auni ga wasu ƙwayoyi a jinin direba, har da magungunan asibiti irin su diazepam da morphine, kuma ɗan sanda na gwada yawu a bakin titi don gano wiwi da hodar iblis. Hukuncin daidai yake da na giya. Direban da ya haɗiyi tiramol don ya kwana yana tafiya, in idonsa ya nuna, caji ofis za a wuce da shi a ɗebi jini.

Ka gaida Inna da yara.