posix_memalign, aligned_alloc ko fftw_malloc: wanne ya dace da aikinka?

Duk mai rubuta manhajar lissafi da C ko C++, wata rana sai malloc, mai ware wa manhaja wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta, ta gaza masa. A Linux mai bit 64, malloc ta glibc (laburaren C na GNU) tana ba ka adireshin da 16 ke raba shi ba saura. Wannan ya ishi SSE, ɗaya daga cikin rukunan umarnin furosesa masu ɗibar lambobi da yawa a tashi ɗaya. Amma AVX, irin wannan rukunin, yana ɗibar bayit 32 a tashi ɗaya, AVX-512 kuma 64, kuma in umarni irin vmovaps ya tarar da adireshin da bai daidaita ba, wato wanda wannan adadin ba ya raba shi ba saura, nan take manhajar za ta mutu. Shi ya sa ake neman hanyar da za ta ba ka wuri mai daidaitaccen adireshi.

A Linux da macOS, posix_memalign ce tsohuwar hannu. Sharaɗinta, adadin daidaitawar ya zama irin 16, 32 ko 64, sannan free ta yau da kullum ce ke sakin wurin. Kula da halinta ɗaya: in ta gaza, lambar kuskuren take mayar maka kai tsaye. Mai jiran errno, inda C ta saba ajiye lambar kuskure, zai sha jira.

aligned_alloc ta shigo da ƙa'idar C11 ta harshen C, ƙa'idar C++17 ma ta karɓe ta. A ido ta fi tsafta, sai dai ka tabbata girman da ka nema ya rabu da adadin daidaitawar. Babban cikas ɗinta shi ne MSVC, mai harhaɗa C da C++ na Microsoft, ba ya da ita. A can sai _aligned_malloc, wadda dole a saki wurinta da _aligned_free. Ka haɗa ta da free, ka ɓata ma'adanar, ɓarnar kuma wani lokaci sai can gaba ta fito, a wurin da ba ka zata ba.

Ni dai in laburaren da nake aiki da shi yana da tasa hanyar, ita nake bi. FFTW, laburaren lissafin Fourier, yana da fftw_malloc da fftw_free, MKL, laburaren lissafi na Intel, yana da mkl_malloc. FFTW yana duba daidaituwar jerin lambobinka lokacin da yake tsara aikin, don haka in ka mayar da wannan tsarin kan wani jeri da daidaituwarsa ta bambanta, ka jawo wa kanka rigima.

Game da adadi kuwa, ɗauki 64. Shi ne faɗin layin kash (ƙaramar ma'adana mai sauri ta cikin furosesa) a yawancin furosesan Intel da AMD, ya kuma rufe SSE da AVX duka. Sai realloc, mai canza girman wurin da aka ware: ba ta yi maka alkawarin riƙe wannan daidaituwar ba. In jerin zai girma, nemi sabon wuri, ka kwafa, ka saki tsohon.