Littafin Playford ko na Sharp?

Mai son tsofaffin raye-rayen karkara na Ingila, littattafai biyu zai fi cin karo da su. Na John Playford, The English Dancing Master, ya fito a Landan a 1651, ɗauke da raye-raye 105. Kowace rawa da kiɗanta a rubuce, sai ɗan gajeren bayani, domin an ɗauka mai karatu ya riga ya iya takun. Mai bincike ba ya rabuwa da shi, amma ɗan koyo zai sha wuya.

Cecil Sharp ya fara fitar da The Country Dance Book a 1909, daga baya ya warware raye-rayen Playford dalla-dalla. Ya fi daɗin koyo nesa ba kusa ba. Sai dai inda Playford ya yi shiru, hasashe Sharp ya yi, kuma masana sun ja da shi a kan wasu takun.